Yadda Ake Gina Labarin Almara a Kan Allolin Hindu

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya taɓa ganin mutum-mutumin nan mai kan giwa da ake ɗauka da kaɗe-kaɗe a kai shi ruwa. Ganesha ke nan, ɗan Shiba da Parbati, wanda Hindu ke kira kafin su fara kowane sabon aiki domin a wajensu shi ke kawar da cikas. Idan kana son rubuta almara a wannan duniya, ɗan'uwa marubuci, tattara sunaye ba zai wadatar da kai ba. Sai ka san dokar da ke tafiyar da su. Ka kuma riƙe a ranka cewa addinin mutane sama da biliyan ɗaya kake taɓawa. Ba sai ka yarda da aƙidarsu ba, amma ka faɗe ta daidai.

Mataki na farko, ka raba aiki tsakanin manyan uku. A aƙidarsu Birahma mai kawuna huɗu shi ke halitta, Bishnu ke kiyaye duniya, Shiba ke rushe ta domin a sake sabuwa. Kada ka mai da Shiba mugun labarinka don ka ji an ce rushewa. Shi ne ya shanye dafin da zai hallaka duniya har maƙogwaronsa ya koma shuɗi. Birahma kuwa, duk girmansa, wuraren bautarsa kaɗan ne, mafi shahara shi ne na garin Pushkar a jihar Rajastan.

Na biyu, ka kafa gaba tsakanin deba da asura. Deba su ne allolin da Indra mai tsawa ke shugabanta, irin su Agni na wuta da Bayu na iska. Asura abokan hamayyarsu ne, amma 'yan uba ne, uba ɗaya uwa kowa da tasa, kuma ka san yadda 'yan ubanci yake. Akwai lokacin da suka haɗu suka burga tekun madara don fitar da amrita, ruwan da ke hana mutuwa. Dutsen Mandara ya zama maburgi, maciji Basuki ya zama igiya, Bishnu ya rikiɗe kunkuru ya tallafi dutsen a bayansa. Da amritar ta fito, da dabara aka hana asura. Saboda haka mugunka yana da hujjar fushi, ka bar masa ita.

Na uku, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin: alfarma mai ɓaraka. Wani asura zai shiga ibada mai tsanani, shekaru ba ci ba sha, har Birahma ya bayyana ya ce ya roƙi abin da yake so. Ba a ba da rashin mutuwa, don haka sai mai roƙo ya yi ƙoƙarin toshe kowace ƙofa. Sarki Hiranyakashipu ya roƙi kada mutum ko dabba ya kashe shi, ba da rana ba ba da dare ba, ba cikin gida ba ba waje ba, ba a ƙasa ba ba a sama ba, ba kuma da makami ba. Aka ba shi. Ya shiga zalunci har ya nemi ran ɗansa Prahlada don yaron ya ƙi daina bautar Bishnu. Sai ginshiƙin fada ya tsage, Narasimha ya fito, wato Bishnu a siffar rabi mutum rabi zaki. Da almuru ya kama sarkin, ya zauna a dokin ƙofa, ya ɗora shi a cinya, ya farke shi da farata. Ba a karya sharaɗi ko ɗaya ba.

Ka duba inda ɓarakar take fitowa: daga girman kan mai roƙo. Rabana, sarkin Lanka mai kawuna goma, ya nemi kariya daga alloli da aljanu, ya raina ɗan Adam bai saka shi a lissafi ba, sai Bishnu ya zo a matsayin mutum, Rama. Mahishasura mai siffar ɓauna ya raina mace, allahiya Durga ce ta kashe shi, nasarar da ake tunawa a bikin Nabaratri na dare tara. To, ka ɗauki takarda ka rubuta alfarmar mugunka kalma da kalma kafin ka rubuta babi na ɗaya. Ka tambayi kanka wa ya raina. Ka saka sharuɗɗan a gaban mai karatu tun farko, ka bar shi ya yi ta neman mafita tare da jaruminka.

Na huɗu, kowane allah da abin hawansa da makaminsa. Bishnu na hawan tsuntsu Garuda, yana riƙe da faifai mai kaifi. Shiba na da sa Nandi da mashi mai baki uku. Ganesha, duk ƙibarsa, ɓera yake hawa. Kada ka cakuɗa su, mai karatun da ya san abin zai gane nan take.

Na ƙarshe, ka zaɓi zamani. Lissafinsu zamani huɗu ne: Satya, Treta, Dwapara da Kali, gaskiya na raguwa daga wannan zuwa wancan. Rama na Treta ne, Kirishna, wanda shi ma Bishnu ne a siffar mutum, na ƙarshen Dwapara. Kali, wanda suka ce shi muke ciki, shekara 432,000 ne, kuma a ƙarshensa suke jiran zuwan Bishnu na goma, Kalki, bisa farin doki. Da ni ce zan rubuta, a nan zan ajiye labarina: wani sarki ya samu alfarmarsa, ya toshe duk ƙofofin da magabatansa suka manta, mai dokin bai iso ba tukuna, kuma wata yarinya mai tallar furanni a bakin kogin Ganga ce kaɗai ta ji kalmomin roƙon da kunnenta.