Yadda za ka gano inda warin esansi ke fitowa a motarka, ka gyara tun wuta ba ta tashi ba

Jama'a wannan abu ya daɗe yana damuna. Mu nan Damagaram in mota tana warin esansi sai ka ji an ce ai tsohuwa ce, halinta kenan, a sauke gilashi a ci gaba da tafiya ga yara a baya. Wallahi ba hali ba ne. Mota mai lafiya ko shekararta 30 ba ta wari, in ka ji wari to akwai inda mai ke fita, ko ruwansa ko tururinsa, kuma tururin ma ya fi haɗari don ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya yana jiran tartsatsi ɗaya tak.

Da farko ka kashe mota a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da mai tsire da mai shayi, kowa ya sauka. Ba taba, ba ashana, in duhu ne fitilar hannu mai batir za ka haska. Ka bar injin ya huce.

Sai ka fara da abin da ba ya cin ko dala. Leƙa but, wani jarka ce ya ajiye ta yi zufa ko ta tuntsure kan kafet, shi kenan wari har sati. Duba murfin tanki, roban nan zagayayye da ke jikinsa zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 yana busar da shi ya tsage, in ya tsage sake murfin kawai. Kuma don Allah a daina cewa mai zuba mai ya ƙara ya ƙara bayan famfo ya tsaya da kansa, rarar nan tana gangarawa cikin gwangwanin gawayi da motocin enjekta, wato masu fesa wa injin mai da matsi, ke da shi don kama tururi, in ya jiƙe shi ma wari zai dinga yi.

In ba nan ba ne buɗe kapo. Nan ƙurarmu ke mana rana, don duk inda mai ke tsatsafowa za ka ga ƙura ta manne ta yi baƙi ta jiƙe alhali gefenta fari fat. Bi tiyon mai da ido da yatsa tun daga filta har injin, ka ɗan lanƙwasa shi, in ka ga ƙananan tsaga kamar faso a dunduniya to ya gama aiki. Ni abin da ya same ni kenan bazarar da ta wuce ina dawowa daga Mirya, warin har idona na yaji, na tsaya na ɗaga kapo na ga mai na ɗiga ɗis ɗis dab da ƙarfen salansa mai zafin nan yana ƙonewa yana hayaƙi. Har yau in na tuna jikina sanyi yake, ɗiyata tana kujerar baya tana barci. Tiyo ne bai fi tsawon taƙi ba.

Canza shi ba wuya amma a bi a hankali. Motar enjekta mai na tafiya da ƙarfi a cikin tiyo, matsinsa wajen bar 3 a ma'auni, in ka zare haka kawai fuska zai feso maka. Cire fis ɗin famfon mai, tada mota ka bar ta ta mutu da kanta, cire kan batir na ƙasa wato mai alamar ragi, naɗa tsumma a bakin tiyon kana ka zare. Ka ɗauki tsohon ka je da shi wajen masu kayan mota ka ce na esansi kake so, kar a ba ka tiyon ruwa don mai cinye shi yake ya kumbura, kuma ka sa maɗauri na ƙarfe sabo, ba waya ba, ba robar tayar keke ba. Sabulun da direbobi ke shafawa tanki in dutse ya huda shi a daji, wannan dabarar isa gari ce kawai, kuma kar ka yarda wani ya kai wutar walda jikin tankin da ya taɓa ɗaukar mai wai don an juye shi.

In warin cikin mota ya fi yawa musamman ka cika tanki, ɗaga kujerar baya, yawancin ƙananan motoci famfon mai na nan ƙarƙashin wani faifai, roban bakinsa ke saki ko bakanike ya buɗe bai zaunar da shi daidai ba.

Akwai kuma wanda ba yoyo ba ne, injin ne ke shan mai fiye da kima. Alamarsa baƙin hayaƙi a salansa, buji ya yi baƙi ƙirin, mai na ƙarewa da wuri, ka zaro sandar awon baƙin mai ka sunsuna ka ji esansi. Mutane sai su ɗora wa matatar mai ta SORAZ da ke nan yankin Damagaram laifi, ni ban yarda ba, tun 2011 muke shan man nan. Abin da na fi zargi dattin kwalba da mazurarin masu sayar da mai a bakin hanya ne, ƙwayar rairayi ɗaya ta maƙale a allurar kafireto, wato na'urar da ke haɗa mai da iska, sai ya yi ta ambaliya. Wannan kam kai ta gareji, a wanke kafireto ko a gwada enjekta, a sake filta da buji, a juye baƙin man don ya riga ya tsinke.

Bayan gyara maida fis da batir, murɗa makulli ba tare da ka tada ba sau biyu ko uku, ka leƙa mahaɗar ko ta jiƙe, kana ka tada ka sake dubawa. Da dare shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar, da asuba ka duba ko akwai ɗigo. In ko Allah ya kiyaye wuta ta kama, kar ka watsa ruwa don mai bisa ruwa yake tafiya, kar ka wangale kapo, rairayi ko abin kashe gobara za ka yi amfani da shi, wani kuma ya kira 'yan kwana-kwana a lamba 18.