Murhun da ka tarar a falon gidan haya, dan Allah ka bar shi yadda yake

Satin da ya wuce wani ƙanenmu da bai fi wata huɗu da zuwa Ingila ba ya turo min hoto, ga shi tsugune a falo riƙe da guduma, ya ɓalle allon da aka toshe ramin murhu da shi, wai yana tambaya "Yaya ina ake sayar da itace a garin nan?" Ban ma tsaya rubutu ba na kira shi, na ce ajiye gudumar nan, kar ka ƙara taɓa komai, ka buɗe taga. Ya ce ai kuɗin gas ne ya ishe shi. Na san ya ishe shi, duk ya ishe mu. Amma abin da yake shirin yi ni na riga shi yi a hunturun 2013 kuma har yau in na tuna sai na ji haushin kaina.

Sauran abubuwan zuwa ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Buɗe asusun banki, rajista da likitan unguwa, sayen jaket mai kauri, duk wannan cikin sati biyu uku ka gama, kuma alhamdulillahi jama'armu a nan ba sa barin baƙo, tun daga filin jirgi ake ɗauko mutum, a ba shi bargo da tukunya da hita har ya tsaya da ƙafarsa, ranar Sallah kuwa in ka shiga taronmu sai ka rantse a Zariya kake. Abin da ke ban haushi shi ne mutum zai tambaye ka inda ake samun daddawa da kuka sau goma, amma zai fasa bangon gidan Bature bai tambayi kowa ba.

Yawancin gidajen da muke iya kamawa a Lids, Baradfod, Mancesta da Bamingam tsofaffin gidajen jan bulo ne masu manne da juna, da yawansu tun zamanin Sarauniya Biktoriya aka gina su, ita kuwa ta rasu a 1901. Lokacin kwal ake ƙonawa, kusan kowane ɗaki da ramin wutarsa. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe Landan kwana biyar, mutane dubbai suka mutu, shi ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956, daga nan a hankali aka koma gas da lantarki aka yi ta toshe ramukan. To abin da kake gani a falo ragowa ce. Kuma abu huɗu ne ba ɗaya ba: ramin wutar, bututun hayaƙi da ya bi ta cikin bango har saman rufi, daɓen da ke gaban ramin, sai firam ɗin ado da kantarsa a sama. Sabon zuwa firam ɗin kawai yake gani.

Ni ma shi na gani. Gidan da muka kama ɗaki biyu ne, falon da wani tsohon firam na tayil ruwan ƙasa, duk ya tsattsage, an rufe ramin da allo an shafa masa fenti. Uwargida tun ranar farko ta ce abin nan ya yi muni, ni kuma ina ji da kaina don na taɓa tsayawa a kan ginin gidanmu a gida, na san siminti na san bulo. Na samu firam na katako na hannu mai kyau a intanet da araha, wata Asabar na sa guduma da kurfi na ɓamɓare na tayil ɗin, rabin filastar bangon ta biyo shi. Da na cire allon kuwa sai ga kunkunniya da ƙirare da busasshen tsuntsu sun zubo a kan kafet, kafet mai ruwan madara. Maimakon in tsaya a nan sai na share na kafa firam ɗina, da daddare na haɗa 'yar wuta da guntayen katako don a gwada. Ba a yi minti biyar ba falo ya turnuƙe, hayaƙi maimakon ya hau sama sai ya dawo ciki, alam ɗin hayaƙi ya kama ihu, yara na tari, maƙwabciyarmu wata tsohuwa ta zo tana dukan ƙofa. Ashe an daɗe da rufe bakin bututun daga can sama, kuma wasu tsuntsaye dangin hankaka sun cika shi da sheƙa kafin a rufe. Da hayaƙin bai fito fili ya kore mu ba, da garwashi ne kawai ya rage muka kwanta barci, Allah kaɗai ya san yadda za a wayi gari.

Sai batun landilod, wato mai gidan, wanda shi ne ya fi min ciwo. Ban gaya masa ba, na ce ai gyara na yi masa, in ya gani ma godiya zai yi. Wata uku bayan nan ejan, wato wakiliyar mai gidan, ta zo duba gida kamar yadda suke yi lokaci lokaci, ta shigo falo ta tsaya, ta ciro waya ta ɗauki hoto, ba ta ce min uffan ba, har da murmushinta ta tafi. Kwana biyu sai ga imel. A cikin yarjejeniyar da na sa wa hannu ba tare da na karanta ba akwai layin da ya ce ba a canza komai a ginin sai da izini a rubuce, kuma takardar lissafin kayan gida da aka ba ni ranar shiga tana ɗauke da hoton wancan mummunan tayil ɗin daga kusurwa uku. Wai ashe na asali ne tun wajen shekarun 1930, masu son kayan da suna nemansa. Ni kuwa na riga na kai shi juji.

Da muka tashi aka riƙe kusan duk kuɗin ajiyata, hayar sati shida, kuɗin da na ranto rabinsu. Na ɗaukaka ƙara wajen hukumar da ke riƙe da kuɗin, don a doka landilod ba ya ajiye su a aljihunsa, dole cikin kwana 30 ya sa su a ɗaya daga cikin tsare-tsare uku da gwamnati ta amince da su, DPS ko TDS ko mydeposits, kuma in an samu saɓani mai sasantawa ne zai duba hujjar kowa kyauta. Na zauna na rubuta dogon bayani, na ce firam ɗina ya fi kyau, na ce gidan ya ƙara daraja, har da rantsuwa. Mai sasantawar hotuna kawai ya jera, na ranar shiga da na ranar fita, sai takardar kuɗin mai filasta da ta mai kafet. Ɗan abin da ya rage min shi ne na kafet, wai da ma ya tsufa. A nan na koyi cewa a ƙasar nan "ai mun yi magana da shi ya ce ba komai" ba hujja ba ce ko da kun yi maganar, balle ni da ban yi ba. Ku da kuka zo yanzu ma kun ji daɗi, tun 2019 an taƙaita kuɗin ajiya zuwa hayar sati biyar, amma sati biyar ɗin ma ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai aikin kula da tsofaffi ko ɗalibi, kuma abin da ya fi kuɗin zafi shi ne gidan gaba da za ka nema sai sun tambayi tsohon landilod halinka.

Saboda haka in haya kake, ranar da ka karɓi makulli ka ɗauki hoton murhun nan ta ko'ina ka tura wa kanka a imel don kwanan wata ya zauna. Kana so ka yi masa fenti ko ka kafa ƙusa, rubuta ka tambaya, ka jira amsa a rubuce. In hitar gas ce a cikin ramin, nemi takardar duba gas ta shekara, dole ne landilod ya ba ka, kuma ba mai taɓa ta sai injiniya mai katin Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas, ba abokinka da ya iya gyaran janareto a Sabon Gari ba. Tun Oktoban 2022 kuma dole a sa alam ɗin kabon monoksaid a duk ɗakin da ke da boila ko hitar gas ko murhu, ban da kukar girki. In babu, ka nema. Wani abu kuma da ban sani ba lokacin da nake ɓalle-ɓalle, wasu tsofaffin allunan toshe murhu na asbestos ne, wani kayan gini mai jure wuta, sai a 1999 aka haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya, ƙurarsa in ta shiga huhu sai bayan shekaru ciwon yake bayyana.

Bari in yi magana da iyayenmu mata da ƙannenmu amare, ku yi haƙuri. Kasko da gawayi. Na san turaren wuta ba ya daɗi sai a kan garwashi, na kuma san a gida da sanyin hunturu haka muke shigar da kasko ɗaki mu ji ɗumi. Amma ɗakin gida iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa da ta taga da ta rufi, nan kuwa gilashi biyu ne an liƙe ko'ina ruf. Gawayi yana fitar da kabon monoksaid ɗin nan, iska ce mai kisa da ba ta da wari ba ta da launi, farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai mutum ya ɗauka mura ce ya je ya kwanta. Na shiga gidan da aka ajiye kasko a cikin ramin murhun da aka toshe wai ai wurin wuta ne, aka kuma ɗaure alam ɗin silin da leda don kar ya dame su. Haba jama'a. Ku sayi abin turare na lantarki, bai kai kuɗin kaza biyu ba. In alam ɗin ya yi ƙara ku buɗe tagogi ku fita waje, lambar gaggawa ta gas 0800 111 999, in wani ya galabaita 999.

To wanda Allah ya hore wa ya sayi gidansa, shi ne zai yi maganar zaɓen firam, kuma shi ma daga bututu zai fara. Kira mai sharar bututun hayaƙi ya share ya gwada da hayaƙi ya ga ko yana ja, ko yana yoyo ta ɗakin sama ko gidan maƙwabci. Duba shafin kansil, wato ƙaramar hukuma, ko unguwarka tana cikin wuraren da aka hana hayaƙi, yawancin manyan birane suna ciki, tarar hayaƙin bututu tana kaiwa fam 300. Itace kuma sai busasshe mai tambarin Ready to Burn, danshinsa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ba katakon tsohon gado mai fenti ba. Murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi in za ka sa, ka nemi mai rajistar HETAS, ƙungiyar da ke tantance masu kafa irin wannan murhu, ya kafa ya ba ka takarda, in ba haka ba sai ka bi ta ofishin duba gini na kansil, don ranar sayar da gida ko ranar da inshora za ta biya gobara takardar nan za a tambaya. Buɗaɗɗen murhu dai ado ne kawai, yawancin zafin ta bututu yake tafiya.

Shi firam ɗin, in wuta ta gaskiya za a yi, duk abin da ke kusa da ramin ya zama ƙarfen zubi ko dutse ko bulo ko tayil mai jure zafi, katako yana can gefe da sama da tazarar da masu murhun suka rubuta a littafinsa. Na katakon da aka matse daga garin katako, irin masu arahar nan, na hitar lantarki ne. Daɓen ƙasa a dokar gini ta Ingila kaurinsa santimita 12.5, ya fito gaban ramin santimita 50, kowane gefe 15, don tartsatsi. Ka auna faɗin ƙirjin bangon, wato ɓangaren da ya turo gaba inda ramin yake, kafin ka saya, na ga wanda ya ɗauko na marmara daga wani gari a motar haya ya zo kantar ta fi bangon faɗi. Kuma na dutse ko marmara kar ka yarda a manna shi da gam ko siminti kawai, sai an ɗaure kowane ɓangare da ƙarfe da sukuru har cikin bulo, don a ƙasar nan an sha samun yaran da suka rataya a kanta ta faɗo musu suka rasu, hukumar kiyaye haɗurra ta HSE har gargaɗi ta fitar a kai. Mu da gidajenmu ba sa rabo da yara sai a ƙara da ragar ƙarfe a gaban wutar.

Da muka sayi namu gidan, na kira mai shara ya duba ya faɗi kuɗin sa sabon bututu a cikin tsohon, na yi lissafi na ce a bar shi. Aka toshe ramin aka bar 'yar kafar iska don kar bango ya yi danshi, na sa firam na katako da hitar lantarki mai hoton wuta a ciki. Uwargida ta mayar da kantar wurin jere, tangaran ɗinta na aure a tsakiya, abin turaren lantarki a gefe. Shi kuma ƙanen namu na gudumar, jiya na zauna da shi muka rubuta wa landilod ɗinsa imel muka haɗa da hoto tun ejan ba ta zo ta gani da idonta ba, yanzu muna jiran amsa.