Shawara ga masu shirin bin mashigin Göta a jirgin ruwa mai tafiya da iska

Assalamu alaikum 'yan uwa na Katsina. Ga shawarata ga ƙannenmu masu karatu a Suwidin, waɗanda suka ce suna son bin mashigin Göta a hutun da ke tafe. An buɗe wannan hanyar ruwa, wadda mutane suka haƙa a ƙasar Suwidin, a shekarar 1832, tsawonta kilomita 190, tana ratsa tafkin Vättern har ta kai tafkin Vänern, kuma tana da matakalan ruwa 58.

Matakalar ruwa wani ɗaki ne mai ƙofa gaba da baya, inda ake cika ruwa ko a rage shi domin jirgi ya hau ko ya sauka, kuma a nan ne aikin yake. Lokacin hawa ruwan yana shigowa da ƙarfi, saboda haka mutum ɗaya ya sauka ya maƙala igiyoyi a zobban da ke bakin gaɓa, a ɗaure ta baya gam, a riƙa jan ta gaba a hankali yayin da jirgin yake ɗagowa, don kada ya bugi bango. Lokacin sauka kuwa kada a kuskura a ƙulle igiya, domin jirgin zai rataye idan ruwa ya janye.

Ina roƙonku kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, tunda yawancinmu ko a madatsar ruwa ta Zobe ba mu taɓa yin iyo ba, ga shi ruwan can yana da sanyi ƙwarai. Ku ware aƙalla mako guda, domin a ƙauyen Berg kaɗai akwai matakalai 7 a jere, kuma jiran layi yana cin lokaci.