Yadda ake tafiyar keke a gaɓar tekun Normandi, daga Le Havre zuwa Le Tréport

A arewa maso yammacin Faransa, tsakanin Le Havre da Le Tréport, akwai gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 130 wadda kusan dukkanta bangon farin dutsen alli ne, a wasu wuraren tsayinsa ya haura mita 100. Faransawa na kiranta Côte d'Albâtre. Hanyar keke mai suna Vélomaritime, wadda ta taso daga Roscoff ta ƙare a Dunkerque, ta ratsa ta nan. Wanda ya dubi taswira zai ɗauka shimfiɗaɗɗiyar hanya ce tunda bakin teku ne. Ba haka ba ne. Gonaki suna bisa tudu, ƙauyuka kuma suna can ƙasa cikin kwari inda dutsen ya tsage. Duk ƙauyen da ka shiga ka gangara, duk wanda ka bari sai ka hau. A kan wannan za ka gina dukkan shirinka.

Zaɓi alƙibla da lokaci

Ka faro daga Le Havre ka nufi arewa maso gabas. Iskar yankin galibi daga yamma ko kudu maso yamma take kaɗawa, saboda haka za ta riƙa tura ka ta baya. Wanda ya juya tafiyar zai yi ta dambe da iska a saman tudu inda babu abin da zai kare shi, ga jakunkuna biyu suna ƙara tare ta.

Daga watan Mayu zuwa Satumba ne lokacin tafiya. Yuni ya fi daɗi: rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, kuma a tsakiyar watan ne gonakin da ake noma tsiron yadin lilin suke fitar da shuɗin fure. Furen da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya zube, don haka mai son ganinsa ya fita da wuri. Yuli da Agusta cunkoso ne, musamman a garin Étretat, masauki kuma sai wanda ya kama tun da wuri.

Jirgin ƙasa daga tashar Saint-Lazare ta Paris yana kai wa Le Havre cikin awa biyu da 'yan mintoci. Lokacin sayen tikiti ka duba ko ana buƙatar kama wa keke gurbi. Fécamp da Dieppe da Le Tréport duk suna da tasha, amma Étretat ba ta da ita.

Raba tafiyar

Hanyar keke ba ta bin bakin dutse sak, tana lanƙwasawa cikin gonaki, shi ya sa ta fi kilomita 130 nesa. Kwana huɗu ya isa ga mai matsakaicin ƙarfi: Le Havre zuwa Fécamp ta Étretat a rana ta farko, sai Saint-Valery-en-Caux, sai Dieppe, sai Le Tréport. Ranar farko ce mafi tsawo, kuma wanda bai saba ba gara ya kwana a Étretat ya mai da ita kwana biyar. Kada ka lissafa tafiyarka da kilomita kaɗai. Ka ƙirga kwari nawa za ka shiga a yini. Kowane ɗaya hawan mita 70 zuwa 100 ne cikin kilomita ɗaya ko biyu, idan ka yi biyar a rana ƙafarka za ta gaya maka. Da kaya a keke, ka ƙaddara kilomita 12 zuwa 14 a awa ɗaya.

Shirya keken

Giya ce kan gaba. Kana buƙatar giya mai laushi wadda haƙoran faifan baya suka fi na gaba yawa, misali 26 a gaba da 34 a baya. Da irin wannan za ka hau tudu kana zaune a sirdi ba tare da ka murƙushe gwiwarka ba. Keken tsere mai 34 a gaba da 28 a baya zai sa ka sauka ka tura tun a hawa na biyu. Ka canza giya kafin hawan ya kama ka, kana sassauta feda. Canza giya kana danne da feda da dukkan ƙarfinka shi ne yake tsinka sarƙa ko ya lanƙwasa maƙalin giyar baya.

Sai birki. Ka duba robar birki kafin ka tashi: idan tsagin da ke jikinta ya shafe, ka sa sabuwa, ka kuma riƙe wata a jaka. Mai birkin faifai ya tabbata abin da ya rage a jikin takalmin birkin ya wuce milimita 1. Idan ka matse hannun birki ya kusa taɓa kan keke, wayar ta saki, a ɗaure ta.

Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 40 mai kariyar huji a ciki ita ta dace. Dalili kuwa, cikin allin nan akwai dutsen ƙyastu, kuma ruwan sama yana wanko ɓarɓashinsa daga gonaki zuwa kan titi. Kaifinsa kamar reza. Iskar taya wajen bar 3.5 zuwa 4 a ma'aunin famfo ta wadatar, ta baya ta ɗan fi ta gaba. Idan ta yi tauri da yawa keken zai riƙa tsalle, idan ta yi laushi ƙarfen taya zai cije tiyub a rami ya bar huji biyu gefe da gefe.

Kayan gyara: tiyub biyu, faci da salushan, abin ɓanɓare taya guda biyu, famfon hannu da ya dace da bawul ɗinka, sifana mai baki da yawa, mahaɗin sarƙa na gaggawa, da ɗan man sarƙa. Idan ka yi faci, kafin ka mai da tiyub ka bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka ciro abin da ya huda ta. Wanda ya tsallake wannan zai sake zama a bakin hanya kafin ya yi kilomita biyu. Salushan kuma a bar shi ya sha iska kamar minti biyar kafin a manna faci.

Ɗaura kaya

Jakunkuna biyu marasa shan ruwa a kariyar baya, nauyinsu ɗaya, duka kada su wuce kilo 10 zuwa 12. Masu nauyi a ƙasa kuma kusa da taya. Jakar goyo a baya kuskure ce, tana jiƙa ka da gumi tana ƙara wa mazauni nauyi. Kowace safiya ka taɓa notocin kariya, girgizar hanya tana kwance su. Rigar ruwa da rigar sanyi mara nauyi su kasance a sama inda hannu zai kai, don ko a Yuli iskar teku tana da sanyi, ruwa kuma ba ya sallama. A bar dogayen riguna da babban wando a jaka har a sauka, sarƙa tana kama su.

A kan hanya

Dama ake bi, kamar a Nijeriya da Nijar. Amma akwai dokar da ke kama baƙo: a mahaɗar da babu alama, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, ko da daga ɗan lungu ya fito. Doka ta wajabta fitila gaba da baya da dare, da ƙararrawa, da riga mai ƙyalli a wajen gari idan duhu ya yi ko hazo ya rufe. Hular kwano dole ce ga yaro ɗan ƙasa da shekara 12. Babba ma ya sa, gangaren nan ba na wasa ba ne.

A gangara, ka ja jikinka baya kan sirdi, ka riƙe birki biyu tare. Ka matsa da ƙarfi ka saki, ka sake matsawa. Riƙe birki tun daga sama har ƙasa yana ɗumama ƙarfe har birkin ya daina ci. Ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba, domin a ƙasan kwari ne yashi da tsakuwa suke taruwa, kuma nan ne masu tafiya a ƙasa suke ɓullowa.

A saman tudu za ka ga gidajen gona kewaye da tudun ƙasa da aka dasa dogayen itatuwa a kai don tare iska. Idan ka wuce ƙarshen irin wannan shinge iskar gefe tana bugowa farat ɗaya, ka riƙe kan keke da hannu biyu. Titunan ƙanana ne, tarakta ɗaya ta cika su. Idan ka ji ta a bayanka ka raɓe ka tsaya ta wuce.

Bakin dutsen kansa ba wurin keke ba ne. Siririyar hanyar da ke binsa, mai suna GR 21, an shata ta ne don masu tafiya a ƙasa. Ka kulle keke a ƙauye ka hau da ƙafa, kuma kada ka matsa baki: teku tana cin allin ta ƙasa, ciyawar da kake gani wani lokaci babu komai a ƙarƙashinta. Zama a gindin dutsen ma haɗari ne saboda ɓaraguzai. Ga kuma cikowar teku sau biyu a yini, wadda a Dieppe wani lokaci takan ɗaga ruwa fiye da mita 8. Kafin ka taka bakin ruwa ka karanta jadawalin da ake liƙawa a mashiga. Lambar gaggawa 112 ce. A Étretat an hana ɗaukar tsakuwar bakin teku, domin ita ce ke kare garin daga igiyar ruwa.

Abinci, ruwa da masauki

Gora biyu, lita ɗaya da rabi, ka cika a duk inda ka samu. Shagunan ƙauye da yawa suna rufewa da tsakar rana, da yammacin Lahadi, wasu har Litinin. Ka sayi burodi da cuku da ayaba tun da safe, dabino kuma ya zauna a aljihu, ka ci kafin yunwa ta kama ka. Mai kiyaye halal ya yi guzurin nama a Le Havre ko Dieppe, a ƙauyuka kuwa kifi da ƙwai suna nan. Abin da aka rubuta wa jambon ko lardons naman alade ne, cidre kuma barasar tuffa ce. Masauki mai alamar Accueil Vélo yana da wurin kulle keke, kuma bai wuce kilomita 5 daga hanya ba.

Ka ware lokaci a Veules-les-Roses, inda kogin Veules, mafi gajarta a Faransa, yake tafiyar mita 1,149 daga maɓuɓɓuga zuwa teku, ana bin gefensa da ƙafa. A Fécamp ka hau Cap Fagnet, inda dutsen ya fi tsayi. Idan ƙafa ta gaji ko iska ta juya, akwai Véloroute du Lin, wadda ta haɗa Fécamp da Pourville kusa da Dieppe, mafi yawanta a kan tsohon layin dogo, hawanta kuma a hankali yake. Kowace yamma ka goge sarƙa da tsumma ka ɗiga mata mai, saboda gishirin da iskar teku ke ɗaukowa yana sa ta tsatsa cikin kwana ɗaya ko biyu.