Yadda za ka tambayi tsofaffin gidanku labarin wahalar shekarun 1930

Kada ka zauna gaban tsohuwa ka ce, "Kaka, ba ni labarin 1932." Ba da shekarar Bature take lissafi ba. In a ƙasar Zazzau kuke, ce mata zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim, kafin Ja'afaru ya hau a 1937, ko ka ce shekarun fara. Waɗanda suka gani da idonsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka 'ya'yansu za ka nema, masu tamanin zuwa sama, su faɗa maka abin da suka ji a ɗakin iyayensu.

Kafin ka je, ka san kan zancen. Kasuwa ta karye a Amurka a 1929, farashin auduga da gyaɗa ya faɗi warwas, ga shi haraji da jangali sai da tsabar kuɗi. Manomi ya ɗora audugarsa a sikeli, abin da aka ƙirga masa bai taka kara ya karya ba. A Jos kamfanonin kuza sun rage leburori, ga fara ta sauka kan dawa da gero.

Ni da haraji nake farawa, don nan ciwon yake. "Baba, da mai unguwa ya zo karɓa, me aka sayar?" Akuya ce, ko dawar rumbu tun bazara ba ta shigo ba, ko tasar jeren uwargida aka kai jingina? Wa ya bar gona ya tafi ci-rani bai dawo ba? In ka yi tambayar, ka yi shiru. Wani abin sirrin gida ne da aka daɗe ana rufewa, sai ya ga ka natsu zai faɗa. Ka kuma riƙe lissafin kuɗin lokacin: anini 10 kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam. In ya ce taro, kwabo uku ke nan. Sisi kuwa shida.

Mata ka same su daban, a tsakar gida. Su suka san daren da aka kwana da kwaɗon rama, da zaren da aka kaɗa aka kai kasuwa don a sami gishiri da daddawa. Maza sukan tsallake wannan, kuma a ganina shi ne rabin labarin.

Nemi izini kafin ka naɗi murya a waya, ka rubuta unguwa da rana. Daga nan ka je ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ka nemi rahotannin shekara-shekara na Lardin Zariya, ka gwada da abin da aka gaya maka.