Wilin inci 27.5 ko 29: wanne ya dace da keken hawan dutse?

'Yan uwa mahaya, kafin ku sayi wili ku duba lambar da ke jikin taya: 559 na nufin inci 26, 584 inci 27.5, 622 kuma inci 29. Taya da wili dole lambarsu ta zo ɗaya.

Inci 29 ya fi haye duwatsu da saiwoyi cikin sauƙi, kuma idan ya ɗauki gudu ba ya saurin sakinsa. Sai dai yana da nauyin tashi, ga wuyar juyawa a matsattsiyar kwana. Gajeren mahayi kuwa, tayar baya kan taɓo shi idan ya ja jiki baya a gangare mai tsauri. Shi ya sa wasu ke sa 29 a gaba, 27.5 a baya. Amma kada a yi wannan haɗin sai a firam da aka ƙera dominsa, in ba haka ba keken zai sauka ƙasa, feda ta riƙa bugun dutse.

Bayan girman wili, iskar taya ita ce inda aka fi kuskure. Taya marar tub mai faɗin inci 2.4, fara da psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya) 23 a gaba, 26 a baya, mai nauyi ya ƙara. Ta yi yawa, taya ta riƙa tsalle tana zamewa. Ta yi kaɗan, dutse ya lotsa wili.

A hanya, mai gangarowa ke kauce wa mai hawa, domin tashi a tsakiyar tudu wahala ne. Za ka wuce mutum, yi magana tun daga nesa. Za ka tsaya, fita daga kan hanya, musamman bayan kwana inda ba a hango ka.