Yadda ake tsara binciken mastas a fannin gudanar da ayyuka ba tare da an maƙale a hanya ba

Da zarar an gama kwasa-kwasan shekarar farko a mastas ko PGD (difloma ta gaba da digiri) na furojek manejimen, wato fannin gudanar da ayyuka, kodineta zai ce kowa ya kawo take uku kafin ƙarshen wata, to anan ne mutane da yawa suke ɗaura wa kansu wahalar shekara biyu ko uku, domin a gurguje ake shiga intanet a kwaso taken da ya yi daɗin ji, sashe ya amince, a rubuta babi uku, sai an fita neman bayanai sannan a gano babu ofishin da zai buɗe maka fayil ko ɗaya. Shi ya sa ni a nawa tsarin take ba shi ne farko ba.

Matakin farko, ka tabbatar da inda za ka samo bayanai

Ɗauki takarda ka rubuta duk wurin da ake gudanar da ayyuka wanda kake da hanyar shiga. Ma'aikatar ayyuka ta jiharku, sashen tsara gine-gine na jami'a ko kwalejin ilimi, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da take gina ajujuwa, hukumar samar da ruwa a karkara, kamfanin gini da kake aiki ko wani yayanka yake aiki, ƙungiyar agaji da take da ayyuka a Borno ko Yobe. A gaban kowanne ka rubuta irin takardun da suke ajiyewa: takardar bayar da kwangila, lissafin kayan aiki da farashinsu, satifiket ɗin biyan ɗan kwangila, rahoton wata-wata, wasiƙar neman ƙarin wa'adi, takardar miƙa aiki bayan an gama.

Sai ka je da ƙafarka tun kafin ka rubuta komai. Ka karɓi wasiƙar gabatarwa daga shugaban sashe, ka yi fotokwafi biyu, ka kai rajistare a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin da kwanan wata, ka tambayi sunan ofishin da za a tura ta, don in ba haka ba sati uku za ka dawo a ce ba a gan ta ba. In ka samu ganin darakta ko injiniyan da ke riƙe da fayilolin kar ka ce masa kana bincike a kan dalilin lalacewar ayyukansu, nan take zai rufe fuska. Ka ce, ranka ya daɗe, karatu nake a kan wa'adin kammala gine-gine, ranar da aka ba da aiki da ranar da aka gama nake nema, ba sai na sa sunan kamfani ko na wani ma'aikaci ba. Yawancinsu in suka ji haka sukan saki jiki. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kana iya amfani da ita, amma kar ka ɗora kundinka kacokan a kanta don ba kullum amsa take zuwa a kan lokaci ba.

In ka zaga ka ga ƙofa ɗaya ko biyu sun buɗu, daga nan ne take zai fito.

Mataki na biyu, ka matse taken

Kowa yana son ya yi rubutu a kan manyan ayyukan da ake maganarsu a rediyo, kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka fara tun 1979, titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano da aka bayar da kwangilarsa a ƙarshen 2017, bututun gas na AKK (Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano), layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Ayyuka ne da suka cancanci bincike wallahi, amma ɗalibin mastas mai shekara ɗaya da kuɗin aljihunsa da wuya ya ga takardunsu na ciki, a ƙarshe sai ya ɓuge da tattara labaran jarida. Haka ma take irin "matsalar watsi da ayyuka a Najeriya", ya yi faɗi ainun, ba wanda zai iya rufe shi.

Take mai kyau yana faɗin abu huɗu: wane irin aiki, a ina, a waɗanne shekaru, kuma mene ne abu ɗayan da kake aunawa. Misali, tasirin jinkirin biyan 'yan kwangila a kan wa'adin kammala gine-ginen TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a manyan makarantu uku na jihar Kaduna daga 2018 zuwa 2023. Ka ga wannan ka san fayil nawa za ka nema, ka san wa za ka tambaya, ka san ranar da za ka ce na gama.

Wani abu kuma, maganar "dalilan jinkirin ayyukan gini" an yi ta har an gaji. Mansfield da abokan aikinsa sun yi a kan Najeriya tun 1994, Aibinu da Jagboro sun yi a kan illolin jinkirin a 2002, bayansu kuma ɗalibai ba iyaka sun maimaita, sakamakon kusan ɗaya ne kullum, rashin biya a kan lokaci, hauhawar farashi, canjin zane. In za ka shiga wajen to ka shigo da abin da ba a taɓa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 aka kuma saki darajar naira a Yuni, yaya 'yan kwangilar da suka sa hannu da tsohon farashin siminti da rodi suka ƙare da ayyukansu? Yaya rashin tsaro yake canza jadawalin aiki a ƙauyukan Zamfara da Katsina inda injiniya ba ya iya zuwa duba aiki? Me ya sa rijiyar burtsatse mai sola take aiki shekaru a wani gari, a wani garin kuma wata shida ta mutu, shin yadda aka miƙa ta ga kwamitin gari ne? Irin waɗannan su ne tambayoyin da muke buƙatar amsarsu a nan Arewa, kuma ba wanda zai zo daga waje ya amsa mana.

Mataki na uku, karatu

Google Scholar da AJOL, shafukan neman maƙalolin bincike a intanet, da laburaren jami'arku sun isa ka fara, ka sa Zotero ko Mendeley, manhajojin ajiye sunayen littattafai da maƙalolin da ka karanta, a kwamfuta tun ranar farko don kar ka zo ƙarshe kana neman inda ka ɗauko magana. Duk maƙalar da ka karanta ka shigar da ita a tebur: marubuci, shekara, ƙasa, hanyar da ya bi, abin da ya gano, abin da ya bari. Layin ƙarshen nan shi zai ba ka giɓin da za a tambaye ka a difens, wato ranar da za ka kare aikinka a gaban malamai. Ka nemi aikin Bent Flyvbjerg na 2002 ka karanta a natse, shi da abokansa sun duba ayyukan sufuri 258 suka kwatanta kuɗin da aka ƙiyasta da wanda aka kashe, suka ga kusan tara cikin goma sun wuce kasafi, na layin dogo ma da kusan kashi 45 cikin ɗari. Ba su tambayi ra'ayin kowa ba, alƙaluman ayyukan suka bi, kuma wannan darasi ne babba ga mai shirin babi na uku, wato babin hanyar bincike.

Wajen ra'in, wato tiyori, da za ka ɗora aikin a kai, PMBOK da PRINCE2 jagororin aiki ne, kana iya kafa hujja da su amma kar ka kira su tiyori. Ka zaɓi guda ɗaya da yake bayyana matsalarka da gaske, in maganar jama'ar gari da masu ruwa da tsaki ce akwai na Freeman na 1984, in tsakanin mai aiki da ɗan kwangila ne akwai ra'in wakilci. Ɗaya da ka fahimta ya fi biyar da ka jera.

Mataki na huɗu, manufofi

Uku ko huɗu sun wadatar. Kowace manufa ta zama tana da tambayarta, da bayanan da za su amsa ta, da hanyar da za ka yi nazarinsu, ka zana wannan a shafi guda ka manna a bango. Duk manufar da ka kasa cike layinta ka cire ta.

Mataki na biyar, hanyar bincike

Anan zan ɗan daɗe. Abin da aka saba shi ne a raba takardun tambayoyi masu zaɓi biyar, daga na yarda ƙwarai zuwa ban yarda ba sam, a zuba a SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, a jera dalilai daga na ɗaya zuwa na goma. Ba laifi ba ne, amma ka sani ra'ayi ka auna, ɗan kwangila zai ce gwamnati ce ba ta biya, ma'aikacin gwamnati zai ce ɗan kwangila ne ba shi da ƙarfi, kowa ya kare ɓangarensa. In ka samu fayil na ayyuka 30 ko 40 sai ka fitar da abin da ba a musu a kansa, wata nawa aka rubuta a kwangila wata nawa aka ɗauka, nawa aka sa hannu nawa aka biya a ƙarshe, kwana nawa tsakanin ranar da aka rubuta satifiket da ranar da kuɗi ya shiga. Bayan nan ka zauna da mutum goma zuwa sha biyar da suka yi aikin, injiniya, kwantiti sabeya, akanta, ɗan kwangila, ka nuna musu abin da alƙaluma suka nuna su faɗa maka yadda aka yi. Kundin da aka haɗa haka yana da nauyi, ko mai jarrabawa na waje zai gane an sha wuya a kansa.

In kuma takardun tambayoyin za ka yi, to yawan mutanen da kake magana a kansu ya zama na gaskiya, ka samo jerin sunayen mambobi daga reshen jiha na NSE ko NIQS ko NIOB, wato ƙungiyoyin injiniyoyi da kwantiti sabeya da magina, ko jerin 'yan kwangilar da suka yi rajista da hukumar. Teburin Krejcie da Morgan na 1970 zai gaya maka adadin da za ka ɗiba, cikin mutum 100 ka ɗauki 80, cikin 200 ka ɗauki 132, cikin 500 ka ɗauki 217, wasu sassan kuma lissafin Yamane suka fi so, ka tambaya. Ka raba fiye da adadin don ba duka za su dawo ba. Ka fara gwada takardar a kan mutum ashirin ko talatin ka duba Cronbach alfa, ma'aunin da ke nuna ko tambayoyin sun dace da juna, galibi 0.7 zuwa sama ake nema. In masu amsawar fomanoni ne ko 'yan kwamitin ƙauye ka mayar da tambayoyin Hausa ka karanta musu da bakinka. Don Allah kuma kar ka zauna a ɗaki ka cike takardun da kanka ko ka ba wani ya ƙirƙiro maka data, haramun ne, kuma wata rana wani zai ɗauki sakamakon nan ya yanke hukunci a kan kuɗin jama'a.

Mataki na shida, jadawali da kasafi

Abin da aka koya maka a aji shi za ka yi wa kundinka. Ka farfasa aikin ƙanana-ƙanana, ka zana jadawalin Gantt, mai nuna ranar farawa da ta gama kowane aiki, ko a Excel ne, ka fara lissafi daga ranar da makarantar gaba da digiri ta ce wa'adinka zai ƙare ka dawo baya. Abin da ɗalibai suke mantawa shi ne yawancin jinkirin ba a hannunsu yake ba, yana teburin sufabaiza da jadawalin semina na sashe da jiran mai jarrabawa na waje, don haka duk babin da ka miƙa ka ware masa sati uku zuwa huɗu na jira, kuma ka tanadi abin da za ka riƙa yi a lokacin. Ka rubuta abubuwan da za su iya tare ka da abin da za ka yi in sun faru: yajin aiki, kowa ya ga na ASUU na 2022 da ya kai wata takwas, damina da take hana shiga wasu ƙauyuka, azumi da lokacin aikin Hajji da ofisoshi suke yin sanyi, canjin daraktan da ya yi maka alƙawari. Saboda wannan na ƙarshen ne ake son hukuma ta biyu a ajiye. Kuɗin mota, fotokwafi, data, buga kundi, kuɗin maƙala in sashenku yana sharɗanta bugawa a mujalla, ka lissafa ka ƙara wani abu a kai. Duk daren da ka yi rubutu ka tura wa kanka kwafi a imel ko Google Drive.

Mataki na bakwai, sufabaiza da kare furofozal

Kar ka je wajen Malam hannu rabbana kana cewa wane take zan yi. Ka je da shafi biyu, take, matsalar a sakin layi ɗaya, manufofi, inda bayanai suke, da kwafin wasiƙar nan mai hatimi. Ka tambaye shi yadda ya fi son a kawo masa aiki, a takarda ko a imel, da ranar da ya fi samun sarari, duk gyaran da ya faɗa ka rubuta a gabansa, in ka dawo ka zo da tsohon kwafin da ya yi wa jan biro tare da sabon. Ka karɓi littafin ƙa'idar rubuta kundi na makarantarku ka bi shi tun babi na ɗaya, ka kuma duba aikinka a Turnitin, manhajar gano kwafen rubutun wasu, kafin su duba.

Ranar difens tambayoyin ba sa wuce waɗannan, mene ne sabo a aikinka, ina ka samo yawan mutanen nan, yaya za ka auna abin da ka ce za ka auna, wa ya ce zai ba ka bayanan. Ka roƙi abokin karatunka ya zauna yana rubuta maka gyare-gyaren malamai don kai a tsaye ba za ka riƙe su ba. Ka yi gyaran a cikin satin, ka kai wa sufabaiza ya sa hannu a kan takardar tambayoyin da jerin bayanan da za ka ciro daga fayil, sannan ka fita fili.